Yadda Munka Yi Jinyar Mai Lafiya

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke saukar da cuta, Shi ke saukar da maganinta. Na daɗe ina ja da baya da rubuta wannan labari, don duk wanda na ba shi da baki sai ya fara da dariya, daga baya ya yi shiru. Mun shafe kusan wata biyu muna jinyar mahaifinmu alhali lafiyarsa ƙalau, shi kuwa mai ciwon na gaske, ƙanensa Baffa Ummaru, yana can fadamar Rimawa yana ban ruwa da kumburarrun ƙafafu. Baffa ya rasu a farkon damina, Allah Shi jiƙan shi. Ina rubutawa ne don yanzu 'ya'ya da yawa da ke birni suna yi wa iyayensu irin abin da ƙanena ya yi wa Baba. Abu ne mai kyau, amma akwai ramin da ba wanda ya nuna mana.

Sunana Balkisu, ina koyarwa a wata firamare a Wurno, inda aure ya kai ni. Gidanmu Goronyo ne. Sunan mahaifiyar su Baba na ci, don haka shi da Baffa duk "Uwata" suke ce mini. Ƙanena Nasiru yana aiki a Abuja, kuma shi ne ya zo mana da wannan sabon abu lokacin da ya zo hutun Salla. Wani kamfanin gwajin jini ne mai reshe a Sakkwato. Ka biya kuɗin shekara gaba ɗaya a yanka maka kati, duk bayan wata uku su turo ma'aikacinsu a babur da ɗan akwatin ƙanƙara, ya ɗibi jini har gida. Bayan 'yan kwanaki sakamako ya shigo waya: suga, ƙoda, hanta, yawan jini. Ba sai likita ya rubuta maka takarda ba, ba kuma layi. Nasiru ya yanka wa Baba, ya sa lambata don ni ce kusa.

Baba ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Mutum na zaune lahiya lau, a zo a zuƙe mishi jini don a nemo mishi ciwo. Ku 'yan boko ba ku rasa hanyar ɓarnar kuɗi." Amma ya miƙa hannu, don Baba ba ya mayar da kyautar ɗansa. Gwaji na farko da na biyu duk sun fito kore, wato ba matsala. Na karanta masa, ya ce, "To, kun dai gani."

Na uku ya faɗo cikin bazara, daidai lokacin cirar albasa. Ina ofishin malamai ana hutun tara wayata ta yi ƙara. Da na buɗe sai na ga ja a layin ƙoda, wani jan a layin yawan jini, ƙasa kuma an rubuta a ga likita ba tare da ɓata lokaci ba. Na fita bayan aji na kira lambar kamfanin, anka haɗa ni da wata likita. Ta yi mini bayani a hankali, Allah Ya saka mata, ta ce ƙodar ba ta tace jini yadda ya kamata. Ta tambaya ko ƙafafunsa na kumbura, ko yana amai, na ce ban lura ba. Ta ce ita ma abin ya ba ta mamaki a ce ya lalace haka cikin wata uku, don haka a kai shi asibiti a sake gwaji da wuri, kuma kada a ba shi jiƙe-jiƙe. Maganar mamakin nan ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ni dai kalmar ƙoda kawai nake ji.

Da yamma munka yi waya da Nasiru, kuma ba mu ɗauki lokaci ba munka yanke shawarar da kowane ɗan gidanmu zai yanke: ba za a gaya wa Baba ba. Haka munka tashi munka gani. Ba a gaya wa babba sunan ciwonsa, ana cewa jin sunan ya fi cutar saurin kayar da mutum. Kakarmu har ta koma ga Allah tana cewa gyambon ciki ke damun ta. Da na gaya wa Mama, kuka ta yi a ɗaki, ta wanke fuska, ta ce, "Kun yi daidai. Kada wanda yat tayar mishi da hankali."

Ran Asabar na shiga mota sai Goronyo. Na iske Baba a zaure, ya dawo daga gona ke nan yana shan fura. Na durƙusa na gaishe shi, idona na kan ƙafafunsa. Ƙafafu dai na manomi, busassu, da faso. Ban gama gaisuwa ba ya ajiye ludayi.

"Uwata, mi awon nan yan nuna?"

Bai taɓa riga ni tambaya ba, kullum sai na bi shi da waya yana cewa in ƙyale shi. Na ce, "Lahiya lau, Baba. 'Yar gajiya ta. Sun ce dai a rage gishiri."

"Lahiya lau kinka ce?"

"Lahiya lau."

Ya yi hamdala har sau uku, ya shafa fuska. Na ga nauyin da ya sauka daga kafaɗunsa, na ce a raina ashe duk cika bakin nan Baba ma yana jin tsoro. Tausayinsa ya kama ni, na ƙara tabbata mun yi dabara.

Sati na biyu gidan ya koma gidan majinyaci ba tare da majinyacin ya sani ba. Mama ta cire gishiri da ɗan dunƙule daga miyarsa, na hana a sayo masa tsire, na sa anka ɓoye goro. Baba yakan ɗaga cokali ya dubi miyar ya ce, "Wagga miya ta ko ruwan wanke hannu?" Mu yi dariyar dole, in shiga ɗaki in share hawaye. Duk motsin da ya yi ciwo nake gani. In ya yi hamma in ce kasala ce ta ƙoda, in ya tashi fitsari in bi shi da ido.

Maganar da anka ce a rufe kuwa, kafin kwana uku ta isa Rara wurin Gwaggo, yayar su Baba. Sai ga ta da jarka cike da jiƙon saiwoyi, ta ce shawara ce ta taru ta sauka ƙasa, ta san mutum biyu da anka sallamo daga asibiti wannan ya tashe su. Na ce likita ta hana. Munka yi ta cacar baki a madafa cikin raɗa don kada Baba ya ji. "Ke da kinka zo duniya jiya za ki koya min jinyar ƙanena?" Ina da zafi, na sani, kuma ran nan na nuna shi. Na tuntsurar da jarkar a makwarara bayan ta shiga salla, na cika ta da ruwan shayi marar madara. Har yau Gwaggo tana cewa jiƙonta ne ya warkar da Baba.

Shi kuwa Baba ya kafe ba ya zuwa Sakkwato sai an gama kwashe albasa. Me zai kai shi, tunda an ce lafiya lau? "Albasa ba ta jiran likita, Uwata. Likita shi ka jira." Ba ni da abin da zan tsorata shi da shi, don ni da bakina na kwance masa tsoron. Haka munka ci sati biyu cur.

A cikin kwanakin nan na ga Baffa Ummaru sau ɗaya, ran kasuwa. Kullum in ya kawo kaya Goronyo a gidanmu yake cin abincin rana. Ya zauna a zaure kusa da Baba, ya take bayan takalminsa, yana ta sosa damatsa. Na kawo musu tuwo kwano biyu, na Baba marar gishiri, na baƙo kuwa da gishirinsa da komai, har na ƙara masa nama don kada ya ce an yi masa rowa. Ya ɗan taɓa ya ture. Na ce, "Baffa, ka rame." Ya ce, "Zahi na, Uwata, da aiki." Na karɓi kwanon na wuce. Ni da na wuni ina leƙen ƙafafun Baba, ban sunkuya na dubi na mutumin da ke gefensa ba.

Da aka gama albasa munka lallaɓa Baba da cewa zuwa asibitin yana cikin katin da Nasiru ya biya, in ba a je ba kuɗin ya tafi a banza. Wannan ce kawai ta tashe shi. Asibitin kusa sun duba wayata sun tura mu wani babba a Sakkwato. Mun fita bayan asuba, mun iske layin yankar kati ya yi kwana. Da munka kai taga anka ce mai yi ya fita, da ya dawo anka ce likitan ƙoda rana ɗaya yake zama a sati, kuma jiya ce. Wani satin munka dawo, ya rubuta gwaji da hoton ciki, ya ce a kawo sakamako sati mai zuwa. Kowace tafiya kuɗin mota ne, da na abinci, da na gwaji, ga shi ina ta roƙon shugabar makarantarmu izini har na fara jin kunyarta. Ba zan manta da wata nas ba da ta ga tsufan Baba ta samo masa kujera. Shi kuwa bai yi minti biyar a kai ba ya tashi ya ba wata mata mai ɗauke da yaro, ya koma yana ba mutanen layi labarin farashin albasa.

Ranar da munka koma da sakamako, likitan ya shimfiɗa takardun a tebur, ya karɓi wayata ya daɗe yana dubawa. Ya danna ƙafar Baba da yatsa, ya leƙa idonsa. Sannan ya yi magana da Hausa, a gaban Baba, duk da ina ta yi masa alama da ido.

"Malama, miya marar gishiri ba ta gyara ƙoda haka. Baba lafiyarsa ƙalau, ya fi ni ma. Jinin da ke cikin wayar nan ba nasa ba ne. Amma mai shi, ko wane ne, gado yake bukata yau, ba gobe ba."

Na buɗe baki zan fara zagin kamfani, sai na ji Baba ya ce, "Likita, mi jinin yan nuna?"

Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye. Baba ya juyo ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Babu faɗa a ciki.

"Uwata, kin ce lahiya lau."

Ya dafa tebur ya miƙe. "Tashi mu tahi Rimawa. Jinin Ummaru na."

A mota ya ba ni labari, yana kallon hanya. Tun lokacin sanyi ya lura ƙafafun Baffa na kumbura. Ya yi masa maganar asibiti ya ƙi, sai dai ya sayi ƙwayoyin ciwon jiki a kemis ya watsa baki ya koma gona, shekara da shekaru haka yake yi. Baba ya ga shi kansa an gwada shi sau biyu ba a sami komai ba, ga ƙanensa na fama, ga gwaji na zuwa har zaure an riga an biya. Ya ji nauyin ce wa Nasiru ya yanka wani katin, yaro ya yi iya ƙoƙarinsa. Su kuwa tun tasowarsu ba su san nawa da naka ba. Injin ban ruwa ɗaya suke amfani da shi, iri ɗaya suke rabawa, har babbar rigar zuwa ɗaurin aure. Sai ya aika Baffa ya zo ranar. Anka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, sabon ma'aikaci anka turo. Ya yi sallama ya ce wane ne Alhaji Mamman, wato sunan Baba da ke kan katin, Baba ya nuna masa Ummaru da haɓa. Bai gaya mana ba don kada Nasiru ya ga kamar an raina kyautarsa. Da na ce masa lafiya lau kuwa, ran kasuwar da ta biyo ya isar wa ƙanensa: Uwata ta ce 'yar gajiya ce, a rage gishiri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Baba, jini ai ba injin ban ruwa ba na da za a ba da aro." Direba ya waigo ya dube ni. Baba bai tanka ba, kuma shirun nan ya fi mini duka zafi, don na san abin da zai iya mayar mini bai mayar ba. Shi ya ɓoye don kunyar ɗansa, mu mun ɓoye don tausayin ubanmu, kowa yana ganin alheri yake yi.

Mun iske Baffa kwance a rumfar tsakar gida, fuska ta kumbura har idanun sun shige. Matarsa, Inna Habi, ta ce kwana da kwanaki ke nan komai ya ci sai ya dawo, sun ɗauka zazzaɓi ne, tunda an gwada shi an ce ba komai. Da ɗauka anka sa shi a mota. Kafin magariba muna Sakkwato, kuma a nan dole in yaba, ganin halin da yake ciki ba wanda ya ce mu bi layi.

Daga nan jinyar gaske ta fara. Anka ce sai wankin ƙoda, wato a haɗa shi da na'ura ta tace masa jinin da jikinsa ya kasa tacewa. Satin farko ya farfaɗo har ya nemi kunu. Baba da kansa ya zauna bakin gado ya gaya masa komai, sunan ciwon da yadda anka yi, bai rage ko ɗaya ba. Baffa ya yi murmushi ya ce, "Ashe ni ka cin gishirinka, Yaya, kai kana shan ruwan wanke hannu a banza." Ya dube ni ya ce, "Bar kuka, Uwata. Kwana in ya ƙare ya ƙare."

Wankin ba sau ɗaya ake yi a huta ba, kowane sati sai an maimaita, kuma kowane zama yana cinye buhunan albasa. Wadda Baba ya yi niyyar ajiyewa sai ta yi tsada, haka ya sayar da ita a farashin kaka, 'yan kasuwa na ganin bukatarsa suna taya ta yadda sunka ga dama. Nasiru ya turo abin da yake da shi, ya ci bashi ya ƙara. Wata rana na'ura ta lalace munka wuni zaune, wata rana anka ce maganin babu sai a waje. Da anka nemi jini kuwa, mota guda ta taso daga Rimawa cike da samari, ba wanda ya aika musu. Baba ya shimfiɗa tabarma a baranda ya ƙi komawa gida. Mutumin da munka yi wata biyu muna neman rama a jikinsa ba mu samu ba, sai ga shi ya rame a gabanmu.

Na tare likitan wata rana a bakin ƙofa na yi masa tambayar da ke cin raina: da mun kawo shi tun ranar da sakamako ya fito fa? Ya ce, "Ba zan ce miki da ya warke ba, ciwon ya daɗe a jikinsa. Amma da ya shigo da ƙafarsa, ba a ɗauke ba, kuma da ya daina shan ƙwayoyin nan tun lokacin." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Bayan ruwan farko da 'yan kwanaki jikin Baffa ya rikice, numfashi ya yi wuya, Allah Ya karɓi abinSa da hantsi, Baba na riƙe da hannunsa.

Na kira kamfanin daga baya na zazzage musu abin da ke cikina, sun ba da haƙuri, sun ce yanzu sai an nuna katin shaida kafin a ɗibi jini. Duk da haka ba zan ce gwajin ya cuce mu ba. Ya ga ciwon, ya faɗe shi da jan rubutu, mu ne munka rasa mai shi. In za ku yanka wa tsohonku irin katin nan, ku yanka, amma ku tuna a gidajenmu ba a ba mutum ɗaya abu ya ci shi kaɗai. Ku tambaye shi wa yake damuwa da shi a dangi. Wani ya tsaya a wurin ranar ɗibar jini. Abin da ya fito kuma ku gaya masa yadda yake, ko da muryarku na rawa, don ba ku san wa ke jiran amsar a bayansa ba.

Ranar addu'ar bakwai ina tsakar gidan Baffa ina raba ruwa, Inna Habi ta aiko in zo. Tun a asibiti ta san komai, kuma tun lokacin ban yarda mun haɗa ido ba. Na shiga na durƙusa nesa da ita. Ta matso ta kama hannuna.

"Ban kira ki don in yi miki hwaɗa ba, Balki. Saƙo ag gare ni. Ran da Yaya yag gaya mishi kin ce lahiya lau, da murna yad dawo gidan ga. Wata da watanni bai barci don tsoron ƙahwahun nan, ran nan yay yi barci har da minshari. Da sahe yas sa ni yin waina, anka raba sadaka bakin masallaci. Yac ce in na gan ki in yi miki godiya, kin kwantar mishi da hankali. Ban samu hwaɗi ba sai yau. To, ga saƙonshi, na isar."

Ta saki hannuna ta koma cikin mata. Ni kuwa na daɗe durƙushe a wurin, don ban san amsar da ake ba irin wannan godiya ba.